Ciwon nan na tayirod ba maƙoƙo ba ne, mu nema masa sunansa

1/ 'Yan uwa masu fassara da ma'aikatan lafiya, ku taya ni mu tsayar da suna ɗaya ga ciwon da likitoci ke kira hypothyroidism, wato raunin aikin tayirod. Yawancinmu maƙoƙo muke cewa, ni kuwa sunan nan bai kwanta min ba.

2/ Maƙoƙo kumburi ne, ido na ganinsa. Ita tayirod 'yar halitta ce a gaban wuya, mai fitar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki. Tana iya kumbura alhali aikinta lafiya lau, tana kuma iya kasawa wuya na nan sumul. Mace za ta zo da kasala, da jin sanyi ana tsakar zafi, da ƙiba ba dalili, fata ta bushe, gashi na zuba, al'ada ta rikice. Ka ce mata maƙoƙo ne, sai ta shafa wuya ta ji ba komai, ta ajiye maganin. Abin da nake tsoro ke nan.

3/ Hajiya, na ga shawararki ta "sanyin tayirod". Ta yi daidai da alamar, amma kin san abin da mata ke fahimta da zarar an ce ciwon sanyi. Malam, "ƙarancin aidin" da ka ba da shawara, wato ƙarancin sinadarin nan da ake sa wa gishiri, shi kuma sanadi ɗaya ne kawai. Inda gishiri mai aidin ya wadata, abin da ya fi jawo ciwon garkuwar jiki ce ke kai wa tayirod farmaki, cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912. Akwai kuma wanda aka cire wa tayirod a tiyata.

4/ Nawa zaɓin: gazawar tayirod. Mun riga mun saba da gazawar ƙoda da gazawar zuciya, kunne ba zai yi baƙunta ba. Sannan sunan da kansa yana nuna yadda likita ke tunani: ta gaza da nawa, nawa za a cika mata?

5/ Da gwajin jini ake farawa. Wata halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa tana aika wa tayirod sinadarin TSH, kamar mai kora jaki da sanda. In tafiya ta yi nauyi sai ta ƙara duka. Shi ya sa TSH ke hawa, T4, wato sinadarin da tayirod ke fitarwa, na sauka. In haka ta bayyana, maganin levothyroxine ne, wato T4 ɗin da jiki ya kasa yi. Babba mai ƙoshin lafiya akan auna masa kimanin maikurogiram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa. Dattijo ko mai ciwon zuciya ba a yi masa haka, daga 25 ko 50 ake farawa a riƙa ƙarawa sannu, don in ya yi yawa zuciya na bugawa barkatai, ƙashi ma yana laushi. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake gwaji. Mai juna biyu kuwa da wuri ake ƙara mata, saboda ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

In TSH ya hau amma T4 na daidai, wannan sai mu ce ƙaramar gazawa. Yawanci sai TSH ya kai 10 a gwaji ake sa magani. Ƙasa da haka likita ya duba shekaru, da alamomi, da batun ciki.

6/ Don haka maganin ma ina so mu kira shi maganin ciko, ba na warkewa ba. Wanda ya gane ciko ne ba zai daina ba don ya ji sauƙi, kuma mafi yawa har iya rayuwa suke sha. Cikin wofi ake haɗiya da ruwa, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a raba shi da ƙwayar ƙarin jini ko ta kalsiyam da awa 4. Mai azumi ya tsara lokacinsa da likita tun kafin watan ya kama.

7/ Akwai busasshiyar tayirod ta dabba da wasu ke nema a matsayin magani a Amurka. Galibi ta alade ce, ya kamata mutanenmu su sani, kuma ba ita likitoci ke fara zaɓa ba.

8/ TSH da T4 dai a bar su da haruffansu, tunda su mara lafiya zai gani a takardar gwajinsa. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ya kuke faɗa a asibitocinku? In "gazawar tayirod" ta shiga kunnenku, mu riƙe ta.