Neman kalma: "castle" da "siege", shirina gobe ne

Mai Shirin Tarihi: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shiri kan Krak de Shebaliye, ginin nan da ke kan tudu yamma da Homs a Siriya, kuma waɗannan kalmomi biyu sun tsaya mini. A 1031 sarkin Halab ya zaunar da sojojin Kurdawa a wurin, shi ya sa Larabawa suka kira shi Hisnul Akrad. A 1142 aka miƙa shi ga mayaƙan Salibiyya 'yan Hosfitala. Ba gari ba ne, ba kuma fada ba ce. A taimaka.

Na Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam Hajiya. Ta biyun ai ƙawanya ce. "Nuruddin, sarkin Sham, ya yi masa ƙawanya a 1163 bai yi nasara ba." Ta farko ki ce ganuwa.

Mai Shirin Tarihi: Ƙawanya ta zauna, na gode Malam. Amma ganuwa bango ce kawai, shi kuwa ganuwa biyu gare shi, wata cikin wata, ga hasumiyoyi da rumbuna da tafkin ruwa a tsakani. A lokacin ƙarfinsa yana ɗaukar mayaƙa kusan 2,000.

Basakkwace: Ribaɗi. Abin da Sarkin Musulmi Bello ya yi a Wurno ke nan, zaman dakaru a bakin iyaka.

Na Ƙofar Mata: Ribaɗin Nasara? Haba dai.

Baba Mai Nahawu: Ku kullum sai aron Larabci, kamar Hausa ta talauce. Ni na ce MAGAGARA. Daga gagara, a kan awon makaranta da majema: wurin da ya gagari maƙiyi. Salahuddin da kansa ya zo a 1188, ya duba, ya wuce. Me ya fi wannan gagara?

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, ai bai gagari Baibars, sarkin Masar, ba. A watan Maris 1271 ya sauka da manjaniƙai, aka haƙa ƙarƙashin wata hasumiyar ganuwar waje ta rufta, sannan aka aika wa na ciki wasiƙar jabu wai daga shugabansu a Tarabulus ta Lebanon, ta ba su izinin miƙa wuya. Ranar 8 ga Afrilu suka fito, cocinsu ya koma masallaci. Kuma kunnen mai sauraro magagi zai ji. Kagara tana nan, tsohuwar kalma ce, me ya sa kowa ya tsallake ta?

Na Ƙofar Mata: A Kano ka ce kagara, sai a zaci garin nan na jihar Neja.

Ɗan Damagaram: To fa. Duk abin da Bakano bai saba ji ba sai ya zama ba Hausa ba.

Basakkwace: Faɗa musu dai.

Baba Mai Nahawu: Yaro, da yaudara aka ci shi, ba da ƙarfi ba. Magagara tana nan daram.

Mai Shirin Tarihi: Baba a yi haƙuri, lokaci ya ƙure. Zan ce "kagara, wato gidan yaƙi mai ganuwa" a farko, daga nan kagara kawai. Manjaniƙin fa, in bar shi haka?

Na Ƙofar Mata: Majaujawar yaƙi. Kagarar kuma na bari don shirin gobe ne kawai.

Baba Mai Nahawu: Ni dai a ajina magagara zan ci gaba da koyarwa.