Shawarwarin da aka tattara kan ɗabi'ar 'yan siyasa a lokacin kamfe

A zaman da muka yi, shawarar da ta fi yawa ita ce: in ka sha kaye a zaɓen fidda gwani, ko ka mara wa ɗan takarar jam'iyyarka baya, ko ka fice a fili. An kawo misalin gwamnonin PDP biyar da Wike ya jagoranta a 2023, suna cikin jam'iyya amma sun juya wa Atiku baya. Wannan ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Kan haƙuri kuwa, an tuna wayar da Jonathan ya buga wa Buhari a 2015 kafin INEC ta gama sanar da sakamako. Wani dattijo ya nemi 'yan takara su daina ɗaukar nauyin sojojin baka masu zagin iyayen abokan hamayya a rediyo.