Me ya sa tsofaffin littattafan tatsuniya ba sa sakin mutum?

Ummu_Karatu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai tambayar da ta daɗe tana min yawo a kai, na ce bari dai in kawo ta nan. Ina magana ne kan tsofaffin littattafan almara ɗin nan da aka gina kan tatsuniya, masu sarakuna da dodanni da mayu da dajin da ba a shiga, irin su The Hobbit da Narnia da Alice da The Last Unicorn. Yanzu fa sababbi na ta fitowa, manya manya, da taswira da jerin sarakuna da dokokin sihiri an tsara komai dalla dalla, kuma ina karantawa ina jin daɗi ba ƙarya, amma kafin wani lokaci sai in ga ko sunan jarumin ya ɓace min. Su kuwa waɗancan tsofaffin wani ma ɗan siriri ne amma sai ya zauna a zuciya ya ƙi tafiya. Alice tun 1865 ya fito har yau ana buga shi. Mutane na cewa kewar yarinta ce kawai, to ni ban karanta su ina yarinya ba, da girmana na same su, kuma duk da haka suka kama ni. Don Allah mene ne sirrin?

Malam_Dattijo:
Wa alaikumus salam 'yata. Ni a ganina babban abin shi ne tsofaffin nan ba sa yi wa mutum bayanin sihiri. Yara huɗu sun shiga kabad ɗin kaya sun ɓullo wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, C.S. Lewis marubucin Narnia bai tsaya faɗa miki yadda ƙofar ke aiki ba, kuma in suka koma da gangan ma ba lallai ta buɗe ba. Da zarar an rubuta wa abin mamaki ƙa'ida ɗaya biyu uku to ya zama lissafi, shi kuwa lissafi in ka warware shi ka gama da shi.

Amma kar a ɗauka babu doka a cikinsu. Akwai, sai dai irin ta sharaɗi ce. Ki dawo kafin sha biyun dare. Kar ka buɗe ɗakin can. Kar ku sauka daga kan hanya a cikin daji, kamar yadda aka gargaɗi Bilbo jarumin The Hobbit da abokan tafiyarsa, kuma yunwa ta sa suka sauka, kuma suka ɗanɗana kuɗarsu. Ba a gaya maka dalili, ana dai ba ka alheri mai girma a rataye shi da sharaɗi ɗan ƙarami, sauran kuma ya rage naka. Kowane ɗan Adam ya san wannan halin, a ba ka amana, ka san ka riƙe ko ba ka riƙe ba. Shi ya sa labarin ke shiga kowace ƙasa ba tare da neman iso ba. Labarin Cinderella, yarinyar da takalminta ya ɓace, an rubuta irinsa a Sin tun ƙarni na 9, sunanta Ye Xian, ɗaruruwan shekaru kafin Charles Perrault ya buga nasa a Faransa a 1697. Marubutan littattafan da kika lissafo kan wannan tsohon tushe suka ɗora gininsu.

Sadauki_K:
Baba Malam da girmanka, ni dai ban gamsu gaba ɗaya ba. Muna kallon waɗanda suka tsira ne fa kawai. A zamanin Alice da bayansa an buga littattafan aljanu da gimbiyoyi birjik, yawancinsu yau ba wanda ya san da su, kuma su ma ai ba su yi bayanin sihiri ba, su ma akwai sharaɗin a ciki. To me ya kashe su? Ku ɗauki The King of Elfland's Daughter na Lord Dunsany, 1924 ya fito, littafi ne mai kyau sosai amma kusan mantawa aka yi da shi sai da kamfanin Ballantine ya sake buga shi a 1969 lokacin da kasuwar Tolkien, marubucin The Hobbit da Lord of the Rings, ta buɗe a Amurka. Haka Lud-in-the-Mist na Hope Mirrlees, 1926, shi ma sai 1970 aka tono shi. Kenan kyau kaɗai bai isa ba, sai da mai kuɗi ya ga akwai riba.

Sannan ga fim. Disney sun yi Snow White a 1937, sun yi Alice a 1951, littafin The Wizard of Oz an yi fim ɗinsa a 1939, finafinan Lord of the Rings daga 2001 zuwa 2003 sun zagaye duniya. Ga kuma tsofaffin da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kowa na iya bugawa ba ya biyan kowa, dole su cika shaguna. Ni ina son littattafan nan wallahi, amma a faɗi gaskiya rabin daɗewarsu kasuwa ce.

Anti_Maijidda:
Sadauki ƙanena maganarka akwai gaskiya, sai dai kasuwa na iya sa ka sayi littafi amma ba ta iya sa ka kuka a shafin ƙarshe. Kuma Lord of the Rings ya fito 1954 da 1955, ya yi kusan shekara hamsin a hannun masu karatu kafin finafinan da ka ambata.

Ni abin da na gani, kuma shi nake so Ummu ta duba, littattafan nan suna faɗin gaskiya kan rashi. Mutane na ɗauka daɗi ne zalla a ciki, sam ba haka ba ne. A Lord of the Rings jarumin, Frodo, ya ceci garinsu amma shi bai iya zama a cikinsa ba, ciwon bai warke ba har ya shiga jirgin ruwa ya tafi. A The Hobbit an samu dukiyar amma Thorin jagoran tafiyar ya mutu da 'ya'yan 'yar uwarsa biyu. A The Last Unicorn na Peter Beagle, 1968, jarumar, wata dabbar almara mai kama da doki mai ƙaho ɗaya, ta kuɓutar da 'yan uwanta amma ta koma daji ɗauke da nadama da so, abin da irinta ba su taɓa sani ba, kuma ba za ta sake zama yadda take a da ba. Ko yarinyar ruwa ta The Little Mermaid na Hans Christian Andersen a asalin labarin ba ta auri yariman ba, a fim ne aka ɗaura auren.

Kuma ku tuna su waye suka rubuta. Tolkien ya tashi maraya, ya je fagen daga na Somme a Faransa a 1916, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, kuma da yawa cikin aminansa na kusa yaƙin ya cinye su. Lewis yana ɗan shekara tara mahaifiyarsa ta rasu, shi ma an ji masa rauni a yaƙin. In ka karanta The Magician's Nephew na Lewis inda yaro ke kawo wa mahaifiyarsa mai jinya tuffa ta warke, ka kuma san abin da ya sami marubucin, wallahi wurin ba ya karantuwa da bushewar ido. Mutanen da suka san mutuwa ne suka zauna suka rubuta farin ciki, shi ya sa farin cikin nasu ke da nauyi, yana zuwa ne a daidai lokacin da ka cire rai. Tolkien da kansa ya yi dogon jawabi kan tatsuniya a jami'ar St Andrews a 1939, kuma a cikin abin da ya rubuta daga jawabin ya ƙi yarda cewa tatsuniya ta yara ce kaɗai. Ya kuma kare masu neman mafaka a cikinta, a ganinsa wanda ke tsare ba a zarginsa don ya yi tunanin waje.

Ummu_Karatu:
Anti kin taɓo wurin, na gode sosai. Amma sababbin ma ai akwai mutuwa, wasu ma kashe jarumai suke kamar ba gobe, to me ya bambanta su?

Anti_Maijidda:
Yawan gawa daban, rashi daban 'yar uwa. In aka kashe mutum goma a babi ɗaya zuciya daina ƙirga take. Tsofaffin kan ɗauke abu guda ne da suka bari ka so shi tukuna.

Mai_Alli:
Bari in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato murya. Da yawa cikin littattafan nan da baki aka fara ba da su. Alice a cikin kwalekwale aka fara ba wasu yara mata uku labarin a watan Yuli 1862, daga baya ɗayarsu ta matsa a rubuta mata. The Hobbit Tolkien ya karanta wa 'ya'yansa, kuma da ya isa hannun mai bugawa Stanley Unwin ɗansa Rayner mai shekara goma ya ba ya karanta ya rubuta ra'ayinsa, yaron ya yaba aka buga a 1937. Labarin da ya bi ta kunnen yaro an riga an tace shi, don yaro ba ya kara, in wuri ya yi sanyi tashi zai yi ya bar ka. Ku gwada karanta shafi ɗaya a bayyane za ku ji jimlolin na tafiya da numfashi, mai labarin ma har juyowa yake ya yi maka magana.

Kuma suna barin gurbi. Ba a gaya maka launin idon kowa, ba a cika duk taswira, ana ambaton wani tsohon yaƙi ko wani birni a wuce, sai kai ka cike da naka. In ka dawo bayan shekaru kai ka canza, abin da za ka zuba a gurbin ma ya canza, sai ka ga kamar wani littafi ne daban.

Sadauki_K:
Malam Mai Alli wannan na murya na karɓa, na Anti ma na karɓi rabi. Amma har yanzu ina nan kan cewa akwai masu kyau da aka binne don ba su yi sa'a ba. George MacDonald fa shi Lewis ke kira malaminsa, Phantastes ɗinsa tun 1858, kuma 'ya'yan MacDonald ne suka karanta Alice tun kafin a buga suka ƙarfafa wa marubucin gwiwa, amma mutum nawa ne a nan suka taɓa buɗe shi? Ummu in kina son gwada maganar nan ki nemi The Princess and the Goblin nasa, 1872, babu wani babban fim ko talla da ke tura shi, yana nan kyauta a intanet. In ya kama ki kamar sauran ki dawo ki faɗa mana.

Ummu_Karatu:
In sha Allah zan nema. Dunsany ɗin ma na rubuta sunansa. Shi wanne ya fi sauƙin Turanci tsakanin su biyun?

Malam_Dattijo:
Fara da na MacDonald 'yata, don yara ya rubuta shi, harshen a miƙe yake. Na Dunsany jimlolinsa dogaye ne masu kama da waƙa, sai kin samu natsuwa.