Muna so mu sayi tumatir da wake daga hannun manoma, mu adana: ina mafita?

Maman Ummi, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Mu matan layinmu muna da adashi, kuma duk wadda ta kwasa, a cefane kuɗin ke narkewa. Bana sai muka yi shawarar mu daina kwasa, mu haɗa kuɗin wuri ɗaya mu sayi abinci lokacin da yake araha, mu adana, mu raba gida-gida. Tumatir da tattasai da rani, wake da masara da kaka.

Tumatir ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A bakin kogin Galma ake nomansa, nan kusa da mu a Zariya. Wajen Fabrairu da Maris ka je kasuwar Ɗan Magaji ka ga kwanduna jibge, ana lodi zuwa Legas, wani ya ruɓe a zubar. Damina na sauka sai mu koma na leda, ko mu sayi ƙwaya huɗu kamar magani. Wake kuwa tsoronsa nake ji, don wani kana buɗe buhun warin fiya-fiya zai buge ka.

Ta ina za mu samu manoman ba tare da dillali ba? Yaya ake kauɗa mai tsabta, ba irin mai yashi ba? Kuma wake zai kai wata shida babu magani?

Na Bakin Galma:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni lambu nake yi wajen Dakace. Kafin komai, ku cire wa dillali ido. Shi ne ke ba ni bashin taki da mai tun ina yafa iri, shi ne kuma ke zuwa da mota ranar da tumatir ya nuna. Yana cin nasa, wani lokaci har ya wuce gona da iri, amma ranar tsinka ba na iya jiran kowa. Tumatir ba ya kwana biyu a kwando cikin zafin nan bai fara zubar da ruwa ba.

In kuna so manomi ya saurare ku, kada ku bari sai kaya sun nuna ku zo kuna taya shi kamar kun tsince shi a hanya. Ku zo tun Nuwamba, lokacin dashe. Ku ce kwando kaza muke so, ga kafin alƙalami. Wannan kuɗin shi zai zuba a injin ban ruwa, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ne ke cinye mu, shi ya sa wasu suka koma gas, masu hali kuma sola. Amma kada ku yanke farashi a ranar. Ku yi magana a kan farashin kasuwa na ranar tsinka, a rage muku abin da zan biya na mota da la'ada. In kun yanke tun farko ya zama ba da kaka, kuma ƙarshensa rigima ce, ko ku ku ji an cuce ku, ko ni.

Sannan ku sani akwai shekarar da babu. A 2016 tsutsar sharon ta share gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ku yanke tun yanzu abin da za a yi da kafin alƙalami idan haka ta sake faruwa, a gaban mai unguwa ko liman.

Ɗan Samaru:

Anti, zan taɓa maganar wake, don nan na fi sani. Akwai buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ki zuba wake, ki matse iskar, ki ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki suna cinye sauran iskar da ta rage su mutu, ƙwansu ma ba ya yin komai. Ba fiya-fiya, ba ƙwayar maganin ƙwari da ake kira bom. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam shi ma yana yin wannan aikin, in dai an cika shi har baki.

Sharaɗi shi ne waken ya bushe ƙarau, ki gatsa ki ji ya fashe. A ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, don ɓera na huda leda zance ya ƙare. Kuma a daina buɗewa kullum ana ɗiban na alale. Wanda za a ci a wata a ware shi daban.

Tsoron da kike ji yana da tushe. Saboda yawan irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Wanda suka ƙi, mu ne muke dafawa.

Masara da gyaɗa kuma matsalarsu hunhuna ce. Idan aka shanya su a ƙasa, ko aka ɗura da sauran danshi, hunhunar kan bar gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A shanya a kan tamfol, a tsince masu baƙi.

Kauɗa: a wanke, a yanka gida biyu ko huɗu, a shimfiɗa a kan raga da aka ɗaga sama da ƙasa, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda. Ku yi ta da hunturu ko farkon bazara, kafin iska ta fara ɗaukar laima. Ku dai shirya zuciyarku, sama da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, kwando guda ba zai cika muku ido ba idan ya bushe. Ku leƙa NAERLS ko IAR, cibiyoyin aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, aikinsu ke nan. Daga IAR irin wake na SAMPEA da irin masara na SAMMAZ suka fito, kuma mutanen gari sun fi kowa ƙin zuwa tambaya.

Baba Mai Awo, Sabon Gari:

'Yata, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ba ƙwaro ke kashe irin wannan tafiya ba, mudu ne. Buhun da kuka auna da kaka ba zai ba ku adadin nan ba bayan an sheƙe an tsince. Ranar rabo sai a fara kallon wadda aka ajiye kaya a gidanta. Ku auna a gaban kowa ranar ɗuri, ku rubuta, mudu ɗaya za a yi amfani da shi har ƙarshe. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe makulli daban.

Kuma ba kowace shekara ajiya ke riba ba. Mun ga waɗanda suka ɓoye masara suna jiran ta tashi, ta faɗi a hannunsu. Tunda ci za ku yi, ba sayarwa ba, da sauƙi. Ni da za ku ji tawa, ku fara da wake kawai. Ku aiki mazajenku kasuwar Giwa su auno. Tumatir sai baɗi.

Maman Ummi, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar mudu ta shige ni, zan karanta musu ita yadda take. Amma tumatir ba za mu bari ba, saboda shi aka fara zancen. Za mu gwada kaɗan a saman benen wata daga cikinmu, a ga yadda zai fito. Malam na Dakace, wane iri ya fi kyau da shanya?

Na Bakin Galma:

UTC Hajiya, mai tauri, ruwansa kaɗan ne. Kada ku karɓi na ƙasan kwando, ya riga ya matse. Idan za ku iya aron kiret na roba ku zo da shi gona da sassafe, a tsinka muku a ciki, ku yanka a ranar.