Wai mutanen kirki munka rasa ko tsarin ne ya ruɓe?

Bagobirin Gabas:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kowa ya aje jam'iyyarshi bakin ƙofa tukuna.

Laraban da ta wuce na tai sakateriyar ƙaramar hukumarmu (ba ni kiran suna) in karɓo ma ƙanena takardar shaidar ɗan ƙasa, ya samu makaranta ana nema. Tun bayan asuba na baro Sakkwato, wajen ƙarfe goma na isa. Wallahi tun daga get ba kowa sai maigadi kishingiɗe bisa benci ƙarƙashin dogon yaro da 'yar rediyonshi a kunne, barandar ofishin ciyaman kuwa awaki biyu sun samu inuwa har sun yi kashi. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni, dattijon ya dube ni ya yi dariya ya ce "yaro ai wata bai mutu ba". Ciyaman shina birni, sakatare shina birni, mai riƙe da hatimi shi ma birni. Wato kuɗin mota na kashe na baro mutanen da nika nema a bayana.

Tunda na riga na zo sai na ƙarasa ƙauye in gaida kawu. Na ishe su ƙofar masallaci da littafi ana bin gida gida ana rubuta kuɗin da za a kai ma 'yan bindiga kafin a bari su yanke gero. Abin da ya tsaya min a rai shi ne su waɗannan ba su latti, sun faɗi adadi sun faɗi rana, kuma ranar ba ta wucewa.

Babana kullum maganarshi zamanin Sardauna dogari guda ka shiga daji ya taso ɓarawo gaba. To ni abin da nika so in gane, zaman lafiyar wancan lokaci don shugabannin mutanen kirki ne, ko wani abu ne daban da munka yar? In yau anka samu na kirki ya hau, ya isa?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumussalam ɗana. Allah ya ƙara ma mahaifinka lafiya, gaskiya ya faɗa maka amma rabi.

Dogarin nan ba ƙarfin damtse gare shi ba. Abin da ya sa ɓarawo ka biyo shi, kowa ya san ba inda za ya ɓuya. Mai unguwa ya san kowane magidanci da suna don shi ka rubuta haraji, baƙo ba ya kwana gari ba a kai shi wurinshi ba, ko saniya anka kawo kasuwa sai an san daga ruggar da ta fito. Daga mai unguwa magana ta tai ga hakimi, daga hakimi sai fada, kuma dut cikinsu kowa a garinshi shika kwana, in gobara ta tashi har da zanarshi. Burtali da mashaya an tsare ma Fulani su saboda jangali na shigowa baitulmalin En'e, wato hukumar mulkin sarakuna ta wancan zamani, ba wanda ka yarda a nome hanyar kuɗinshi.

Sauran rabin da bai faɗa maka ba, ni na gani da idona ina yaro. Na ga an shanya magidanci rana tsaka ƙofar gidan hakimi don ya kasa kuɗin haraji, ɗiyanshi na kallo, har sai da matarshi ta saida akuya. Hannun da ka kamo ɓarawo shi ne ka shaƙe talaka. Shi ya sa da soja sunka zo sunka karɓe 'yan doka da kotuna da gidan yari daga hannun En'e, sannan 1976 anka yi gyaran ƙananan hukumomi, talakawa da yawa ba su yi kuka ba. Matsalar, an rushe tsohuwar rumbu ba a gina sabuwa ba. An bar hakimi da rawani ba ko ɗan sanda guda ƙarƙashinshi, an kawo ciyaman an ba shi kasafi amma ba abin da ya ɗaure shi da garin.

Batun mutumin kirki kuwa, bari in ba ka misali na gida. Wa za ya ce Alhaji Shehu Shagari azzalumi ne? Malamin makaranta ne irina, mai haƙuri, har ya koma ga Allah a 2018 ba ka jin bakinshi. Amma shina shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa na gwamna, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma sunka buɗe ma manoman Bakolori wuta wajen Talatar Mafara, lokacin duk jihar Sakkwato ce. Laifinsu sun tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu da aikin dam ya ci. Kukansu ya daɗe shina yawo ofis ofis ba wanda aikinshi ne ya saurara, har abin ya kai ga bindiga. Kirkin na sama bai hana ba.

Kai ko zamanin Shehu Usmanu, shina raye, ba a ma ci Alƙalawa ba, ƙanenshi Malam Abdullahi ya ga yadda wasu cikin jama'a sunka koma neman dukiya da sarauta, ranshi ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas. Mutanen Kano sunka tsaida shi, ya zauna ya rubuta musu littafi kan yadda ake mulki da hukunci. In da kirkin shugaba kaɗai ya isa, mi za ya sa a zauna rubuta ƙa'ida alhali Mujaddadi na nan?

Sarkin Musu:

Baba Hedimasta Allah ya ja kwana amma duk wannan dogon tarihi ne. Ni dai a ganina farar hula sun gaza kawai, shekara ashirin da wani abu tun 1999 muna abu ɗaya, Bafarawa takwas Wamakko takwas Tambuwal takwas ga Ahmad Aliyu yanzu, kowa ya zo da taken sa da waƙar sa. Soja kawai. Ku dubi Nijar mana, dare ɗaya aka gyara ma kowa zama har Faransa sai da ta kwashe kayanta.

Ɗan Illela:

Sarkin Musu kai daga waya kaka kallon Nijar, ni daga ƙofar shagona nika kallonta. Tsakaninmu da Ƙonni ko mashin bai gama zafi ba ka isa, matata 'yar can ce, rabin kwastomomina da sefa suka biya.

Ran 26 ga Yuli 2023 sojojin da ka gadin shugaban Nijar Bazoum sunka tsare shi, babbansu Tchiani ya hau. Kafin mu farga ECOWAS ta sa takunkumi, an rufe boda, Najeriya ta yanke musu wuta. Ga shi wata biyu kacal da cire tallafin mai, kuɗin mota ya riga ya haukace. Ɗan uwa na ga tireloli jere a bakin boda sati da sati direbobi na dafa shayi ƙarƙashin mota, na ga mai albasa zaune bisa buhu shina kallon dukiyarshi na tsiyayar ruwa, in ka san warin ruɓaɓɓar albasa ka san abin da nika faɗi. Surukata ta yi ciwo sai ta hanyar daji munka bi da mashin kamar masu fasa ƙwauri, don mu gaida marar lafiya fa. Sai Maris 2024 Tinubu ya ce a buɗe, shi ma ba ranar abubuwa sunka koma daidai ba. Mutum nawa anka tambaya cikinmu, a Yamai ko a Abuja, kafin a yi muna haka? Ko ɗaya.

Kuma in juyin mulki magani ne da Nijar ta fi kowa lafiya, 1974, 1996, 1999, 2010, ga 2023, sau biyar kenan. Mu nan ma ai mun ɗanɗana. 1988 da Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya rasu bayan shekara hamsin bisa gado, zamanin Babangida anka ce Dasuki, garin ga ya kama da wuta har anka rasa rayuka. 1996 Abacha ya tuɓe shi rana ɗaya anka ɗora Maccido. Tambayi manyanka. Wanda ba ka iya cirewa da ƙuri'a in ya taka ka sai dai ka kai ƙara wurin Allah.

Sarkin Musu:

To ai na yanzun ma ba ka iya cire su da ƙuri'ar malam 😂

Maman Khalifa:

Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba amma maganar ƙuri'a ta taɓo ni. Sarkin Musu ba a iya cire su don mu ne muke sayarwa, kuma mu mata mun fi kowa, ba zan ɓoye ba. Ranar zaɓe na ga layin mata an bi kowa da taliya biyu da sabulu da ɗan kuɗin cefane, wata tsohuwa na ce mata inna wannan fa shekara huɗu kika sayar, ta ce min 'yar nan wancan karon ban karɓa ba kuma ban ga komai ba, gara wannan ko miya na yi. Wallahi na rasa amsar da zan ba ta, don ba ƙarya ta yi ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara shida a wani ƙaramin asibitin ƙauye gabashin jihar nan kafin a dawo da ni gari. Ɗaki uku ne, rufin ɗaya na yoyo. Na karɓi haihuwa da fitilar waya a baki na, hannu biyu na aiki, mijin na tsaye waje da galan ɗin ruwan da ya ɗebo daga gida don famfonmu ya mutu tun kafin in zo. Lokacin da aka katse layukan waya a 2021 saboda 'yan bindiga ko fitilar ce kawai amfanin wayar, mace na zubar da jini ba ka da yadda za ka kira mota, kuma ko ka samu direba ba mai yarda ya hau hanya bayan magariba. Irin wannan mutuwar ba ta shiga labarai, ba a ce 'yan bindiga suka kashe ta ba, sai a ce wa'adi.

Da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da rahoton talauci a 2022 ta ce kashi 91 cikin ɗari na mutanen Sakkwato na ciki, mu ne na ɗaya a ƙasa, wasu suka yi ta fushi wai an ci mutuncin jiha. Ni ban yi fushi ba don ba kuɗin aljihu kawai suka auna ba, sun duba ruwan sha, makaranta, nisan asibiti, abin da ake girki da shi. In haka ne ai ƙauyen da na zauna ɗari bisa ɗari ne.

Abin da Baba ya faɗa na kwana a gari shi ne maganar. Duk shekarun nan sau biyu na ga ciyaman a asibitinmu, duka biyun da mai ɗaukar hoto ya zo. Da matarsa a nan take awo da famfon nan bai kwana biyu a mace ba. Kotun ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba, na ji daɗi, amma ko kuɗin sun sauka in mai karɓar yana zaune a birni kuma wanda ya ɗora shi kawai yake jin tsoro, to an canza wa kuɗin hanya ne kawai. Mu 23 gare mu a jihar nan, ina so wani ya ƙirga min ciyaman nawa ne iyalinsa ke cikin garin da yake mulka.

Tsohon Hedimasta:

Allah ya yi miki albarka ɗiyata, ya biya ki wahalar da kinka sha. Ki ƙara da wanga. Lakurawan da anka yi ta magana kansu ƙarshen 2024 a Tangaza da Gudu ba daga sama sunka faɗo ba. Shekarun baya ɓarayin shanu sun addabi mutane, an yi kuka an gaji ba wanda ya zo, sai ga wasu da bindiga daga ƙetaren iyaka sun ce za su kore su, mutane sunka yi marhabin. Da sunka zauna sai ga wa'azi na dole, ga karɓar zakka ta dole, ga bulala. Kuma Gudu fa, inda Shehu ya yi hijira a 1804 anka yi mashi mubaya'a. Duk sadda na tuna haka sai in kashe rediyo.

Sarkin Musu, ɗana, mai bindigar da kaka kira ya zo ya gyara, su ma haka sunka kira nasu.

Bagobirin Gabas:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Anti, Ɗan Illela Allah ya ba surukarka lafiya. Zan karanta ma babana amsar Baba Hedimasta in ji mi za ya ce batun shanya mutane, don bai taɓa ba mu wannan ba.

Af, takardar kuwa. Ɗazu maigadin nan ya kira ni, ashe da gaske ya aje lambata, Allah ya saka mashi. Ya ce mai hatimin ya ce in ishe shi gidanshi nan cikin Sakkwato gobe bayan la'asar, in zo da hoto biyu da takardar hakimi. Na duba kwatancen, layi uku ne tsakaninshi da gidanmu. Takardar hakimin ce yanzu ban san yadda za ni yi ba, don shi ma tun bara ya kwaso iyalinshi ya dawo birni, ko akwai wanda ya san unguwar da hakiman gabas sunka fi zama?