Muhawara: wa'azin zakka ne zai cike giɓin ikilisiya, ko buɗe littafin ma'aji?

Ma'aji: Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwa. Maganata ita ce: ikilisiyar da kuɗin gudanarwa ke gagara, ƙara wa'azin zakka ba zai fitar da ita ba sai ta buɗe wa jama'a littafinta. Albashin fasto da na mai gadi, kuɗin wuta da ruwa, haya, kason da ake aika wa hedikwata, duk wata suna nan tafe. Mutane kuwa sun fi sakin hannu ga abin da ido ke gani. A ce za a sayi kayan kiɗa, nan da nan a tara. A ce za a biya kuɗin wuta, kowa ya sunkuyar da kai, domin ba wanda ya taɓa gaya masa nawa ne.

Dattijo: Ɗana, ban yarda ba. Baiko ibada ne. Malakai 3:10 ya ce a kawo zakka ɗungum a ma'ajiya, bai ce sai an ga rasit ba. Ka duba 2 Sarakuna 12:15, a zamanin sarki Yowash ba a ma nemi lissafi daga mutanen da aka danƙa wa kuɗin gyaran Haikali ba, saboda amintattu ne. In muka koya wa jama'a bayarwa don sun ga takarda, ranar da takardar ba ta yi musu daɗi ba za su rufe aljihu.

Mai binciken kuɗi: Baba, a gafarce ni, amma a ɗauko surar daga sama. Har shekara ta 23 ta sarautar Yowash kuɗi na shiga hannun firistoci, gyara bai yiwu ba. Sai firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade. In ya cika, mutum biyu ke ƙirgawa: magatakardan sarki da babban firist. Aya ta 16 kuma ta nuna akwai kuɗin da ba a haɗa da na gyara ba, na firistoci ne. Ke nan amanar ta zo ne bayan an gyara tsari. Bulus ma bai tafi da gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa ya raka kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi.

A aikace ga yadda ake yi. Mutum biyu ko uku waɗanda ba gida ɗaya suka fito ba su ƙirga baiko da an tashi sujada, a ɗaki ɗaya, su sa hannu a takarda kafin kowa ya fita. A riƙa sauya su. Kada a ciri ko kwabo daga kwano a yi hidima. A kai duka banki ranar aiki ta gaba, sannan a fitar da abin da za a kashe da sa hannun mutum biyu cikin uku. Wanda ke riƙe littafi kada ya zama shi ke gwada shi da bayanin banki a ƙarshen wata. Yawancin ɓarakar daga cire kuɗi a kwano take farawa: an ba mai gyaran famfo, ba rasit, bayan wata uku ba mai iya tunawa, sai a ɗora wa ma'aji laifin da bai yi ba.

Shugabar zumuntar mata: Ƙirga da lissafi na yarda. Inda nake tsoro shi ne abin da ke biyo baya, wato katin alkawari da karanta sunaye a bagadi. Gwauruwar da ta ƙulle ɗan abin da take da shi a bakin zane, a kira sunanta bayan na mai kuɗi, wallahi mako mai zuwa a bayan ƙofa za ta zauna, ko ta ƙi zuwa. An taɓa bin wannan hanya: majami'u da yawa a Ingila da Amurka sun rayu da hayar kujeru, mai hali a gaba, talaka a baya, har ƙin wannan ya zama ɗaya daga dalilan kafa cocin Free Methodist a 1860. Yakubu 2 ya riga ya ja mana kunne kan fifita mai kuɗi a kan talaka.

Ma'aji: Mama, ko kusa ba na goyon bayan karanta suna. Jimla kawai za a nuna: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, a shafi ɗaya, duk wata. Ambulan ya ɗauki lamba, mutum ɗaya tak ya san mai lambar. A 1742 a Bristol, da bashin ginin ɗakin taro ya danne mutanen John Wesley, jagoran 'yan Methodist, sai aka kasa su rukuni-rukuni, kimanin mutum 12, kowa kwabo ɗaya na kuɗin Ingila a mako, wanda ya kawo shawarar kuma ya ɗauki nauyin cike wa waɗanda suka kasa. Kaɗan-kaɗan a kai a kai shi ke biyan albashi. Haka 1 Korintiyawa 16:2 ya tsara: ranar farko ta mako kowa ya keɓe gwargwadon samunsa, don kada a tashi tara kuɗi a gurguje.

Fasto: Dattijo na da gaskiya a abu ɗaya: takarda ba ta haifar da zuciyar bayarwa, dole a koyar. Amma a rage wa fasto wannan kaya. In shi ne zai hau bagadi ya ce asusu ya bushe, alhali albashinsa ne mafi girma a kasafi, kowa zai ji kamar kansa yake roƙa wa. Fasto ya koyar da Nassi, ma'aji ko wani dattijo ya karanta lissafi. Kuma a biya masu hidima a kan kari. A Nehemiya 13:10, da aka daina ba Lawiyawa rabonsu, kowa gonarsa ya koma.

Mai binciken kuɗi: Rabaran, saura kasafin kansa. Kada a gina shi a kan watan da aka fi samu. A haɗa baiko da zakka na wata 12 da suka wuce, a cire kyautar da ta zo sau ɗaya, a raba 12. In an karɓi alkawura, shawarata a lissafa kashi 85 cikin 100 kawai, domin wani zai ƙaura, wani aiki zai kuɓuce masa. A tara ajiyar da za ta riƙe wata uku. A kuma duba ko gida biyu ko uku ne ke ɗauke da rabin kuɗin. In haka ne, fushin mutum ɗaya ya isa ya tsayar da albashi.

Dattijo: To, na ji, a nuna jimla. Amma in wata ya ƙare ba kuɗin albashi, ga kuɗin gini a kwance, a bar ma'aikaci da yunwa saboda tsari?

Ma'aji: Baba, kuɗin gini amanar waɗanda suka bayar ne don gini. In ya zama dole, majalisar dattawa ta zauna, a rubuta nawa aka ranta da watan da za a mayar, a sanar da jama'a Lahadi mai zuwa.

Dattijo: Rubutawa na yarda. Sanarwa a gaban baƙi ce ban yarda ba. A kira taron 'yan ikilisiya bayan sujada, a faɗa a can.