Ketuba: rasit ɗin sayen mace ne ko garkuwarta?

Baban Zainab: Ni dai har gobe ina kan bakana. Takardar auren Yahudawa, wadda suke kira ketuba, rasit ne kawai. An rubuta zuz, wato tsohon kuɗinsu na azurfa, 200 ga budurwa, 100 ga bazawara. In wannan ba farashi ba ne, mene ne?

Anti Larai: To wa aka miƙa wa kuɗin, Baban Zainab? Mai sayen akuya, mai akuyar yake biya nan take. Wannan kuwa bashi ne a wuyan miji, kuma na matar ne ita kaɗai. Ranar da ya sake ta zai biya, in ya riga ta mutuwa a cire mata daga dukiyarsa. Malamansu ma ba su ɓoye dalilin ba: don kada saki ya zo masa da sauƙi.

Baban Zainab: Ai asalinsa mohar ne, wato kuɗin aure, uban yarinya ake bai wa.

Malam Ɗanjuma: A can da, haka ne. Daga baya aka mai da shi bashi, kuma Talmud, littafin malamansu, ya ce wani malami Shimon ben Shetak, a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya sa duk abin da miji ya mallaka ya zama jingina. Da harshen Aramiya ake rubuta ta, miji ya ɗauki nauyin ci da sutura da haƙƙin kwana, shaidu biyu su sa hannu, a damƙa wa amarya. In ta ɓata, sai an sake wata kafin su ci gaba da zama tare. Ka ga ta fi kama da sadakin da ake jinkirtawa a wasu ƙasashen Larabawa.

Ummi: Malam, a yi mini afuwa, garkuwar nan da ɓula. Takardar saki, wato get, sai miji ya ga dama yake bayarwa. In ya ƙi, matar ta zama aguna, wato ɗaurarriya, ba ta zaman aure, ba ta da damar yin wani. Shi ya sa a shekarun 1950 wasu Yahudawan Amurka suka ƙara wa ketubar sharaɗin wani malaminsu Lieberman, na zuwa gaban kotun addini, amma 'yan gargajiyarsu ba su karɓa ba.

Baban Zainab: Yawwa 'yata!

Ummi: A'a Baba, ban ce saye ba ne. Cewa na yi takardar ta tsare mata aljihu, ba ta buɗe mata ƙofa ba.

Anti Larai: Ka ji ko? Yanzu sai ka nemo mana rasit ɗin da mai saye ke sa hannu cewa shi ake bi bashi.